Shin Hitar Lantarki Ta Fi Gas Araha Wajen Ɗumama Gida a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na biyo maigidana Bradford, inda yake karatu, kuma wannan ne sanyinmu na farko a Ingila. Gidan haya muke, mai ɗakin kwana biyu da falo, da yaranmu biyu, ƙaramar watanta biyar. Gidan yana da boila mai aiki da gas, da radiyeta a kowane ɗaki, amma tsoron kunnawa muke saboda kuɗi. Wata maƙwabciyarmu ta ce mu kashe gas ɗin gaba ɗaya, mu sayi ƙananan hitocin lantarki mu riƙa kunnawa a ɗakin da muke zaune kawai, wai ya fi sauƙi. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wace iri ya kamata mu saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yara, ya ba maigida sa'ar karatu.

Kada ku kashe gas ɗin. A gida irin naku, mai yara ƙanana kuma da mutum a ciki yini guda, hitar lantarki ba za ta rage muku kuɗi ba, sai dai ta ƙara. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma akwai inda maganarta take gaskiya, zan zo kansa. Amma a fara da lissafi tukuna, domin shi ne ke raba gardama.

Wuta da gas duka da awo ɗaya ake sayar da su a nan, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, abin da muke ce wa yunit a mitar kati ta gida. Hukumar Ofgem ce ke ƙayyade iyakar abin da kamfanoni za su caja, kuma duk bayan wata uku take sabunta shi. Daga Oktoba zuwa Disamba 2025, matsakaicin farashin yunit ɗin lantarki peni 26.35 ne, na gas kuwa peni 6.29. A watannin nan na 2024, peni 24.50 ne da peni 6.24. Farashin yana hawa yana sauka, ki duba takardar bil ɗinku ki ga naku na yau, amma tazarar da ke tsakaninsu ta daɗe tana wajen ninki huɗu. Gaskiya ne boila ba ta mayar da duk gas ɗin da ta ƙona zafin ɗaki, wani yana fita ta bututun hayaƙi. Boila ta zamani tana ba da kusan kashi 90 cikin 100. Ko da an cire wannan asarar, yunit ɗin zafi daga gas bai wuce peni 7 ba, daga hita kuwa peni 26.

Ɗauki hita mai kilowat 2, irin wadda aka fi sayarwa. Awa ɗaya tana aiki ba tsayawa, yunit 2 ke nan, peni 52. In ta yi awa 6 a rana, fam 3 da peni 12. A wata, ya haura fam 93, kuma ɗaki ɗaya tak aka ɗumama. Wannan zafin, daidai shi ba ragi, in daga boila ya fito wajen fam 25 ne a wata. Ki kuma tuna akwai kuɗin da ake caja kullum don kawai an haɗa ku da layin gas, wanda a ƙarshen 2025 ya haura peni 30 a rana, ko kun kunna ko ba ku kunna ba. Kashe boila ba ya tsayar da shi, kuma da ita ɗin ce kuke samun ruwan zafin wanka.

Sai batun "wace iri". Mutane da yawa ba sa son jin amsar nan, amma haka take: wajen cin wuta, duk hitocin da ake sokawa a bango ɗaya ne. Ta fam 15 da ta fam 300, mai fanka da mai mai, mai siramik da mai jan haske, kowace in ta ci yunit ɗaya na wuta, yunit ɗaya na zafi za ta bayar, ba ƙari ba ragi. Dalili kuwa aikinsu ɗaya ne, wuta ce ke bi ta cikin waya mai taurin kai, wayar ta yi zafi. Babu wata dabara da za ta fitar da zafin da ya fi wutar da ta shiga. Hitar da ake cewa "ba ta cin wuta" ƙarama ce kawai, mai wat 400 ko 500 (wat 1,000 ne kilowat ɗaya), ƙarancin cinta shi ne ƙarancin zafinta. Za ki yi ta ganin tallarsu a Facebook da YouTube, 'yan ƙanana kamar tafin hannu, ana cewa suna ɗumama falo cikin minti kaɗan su kuma rage bil. A farkon 2023 hukumar ASA mai sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta haramta wasu daga cikin irin waɗannan tallan saboda yaudara. Na'urar da ta fita daga wannan ƙa'ida ita ce mai jawo zafi daga iskar waje ta shigo da shi ciki, irin aikin firiji amma a juye, wadda ke ba da kusan yunit 3 na zafi a kan yunit ɗaya na wuta. Ita kuwa girka ta ake yi a jikin gida, ba abin da ɗan haya zai ɗauko daga kanti ba ne.

To ina gaskiyar maƙwabciya? Ga ta. Tunda wuta ta ninka gas kusan sau huɗu, hita za ta yi riba ne kawai in wurin da za a ɗumama bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da boila za ta ɗumama ba. Mutum ɗaya a gida mai ɗakuna biyar, yana aiki a ƙaramin ɗaki ɗaya daga safe zuwa azahar, sauran gidan ba kowa, wannan hita ta fi masa. Haka wanda zai tashi asuba ya yi rabin awa ya fita, ba ya buƙatar tayar da dukan gida. Amma gida mai ɗaki biyu da falo, falon kaɗai ya kai kashi ɗaya cikin uku na gidan ko fiye, ga shi dare ya yi dole a koma ɗakunan kwana a kunna wasu. Da kun kunna hita biyu, kun wuce kuɗin ɗumama gidan gaba ɗaya da gas. Kuma sau da yawa wanda ya ce bil ɗinsa ya ragu bayan ya koma hita, in aka bincika, zaman sanyi ya koma yi. Ya rage zafi ne, ba farashin zafin ba.

Abin da maƙwabciyar take so ku cimma, wato kada a ɓata kuɗi a ɗakin da ba kowa, da gas ɗin ma ana iya yin sa, kuma a kan peni 7. Duba gefen kowace radiyeta, daga ƙasa, akasari akwai wani murfi mai lamba daga 0 ko alamar ƙanƙara zuwa 5. Shi ke ƙayyade zafin wannan ɗakin shi kaɗai. Falo ki sa a 3, ɗakunan kwana a 2, duk ɗakin da ba a shiga a 1, a rufe ƙofarsa. Kai shi 5 ba ya sa ɗaki ya yi saurin ɗumi, sai dai ya hana radiyetar sanin lokacin tsayawa. Haka ma tamostat ɗin da ke bangon falo ko farfajiya, wanda ke gaya wa boila ta tsaya in gida ya kai zafin da aka sa masa. Mutanenmu in sun shigo daga waje suna rawar ɗari sai su murɗa shi zuwa 30, su manta, can a ji gida ya zama gidan burodi a buɗe taga. Nan kuɗin gas ke tafiya. Ki ajiye shi tsakanin 18 da 21, ki saita agogon boilar ta kunna kanta kamar rabin awa kafin ku tashi, ta kuma mutu kamar rabin awa kafin ku kwanta, domin radiyeta tana ci gaba da ba da ɗumi bayan an kashe. In kika taɓa radiyeta kika ji ƙasanta da zafi samanta da sanyi, iska ce ta taru a ciki. Akwai ɗan mabuɗi da ake sayarwa da arha a shagon kayan gini, a kashe boila, a kwance ɗan ƙusar da ke sama kaɗan har iskar ta gama fita ruwa ya fara ɗigowa, a mayar a ɗaure. Kada kuma a jingina kujera ko gado a jikinta.

Akwai kuɗin da zaman sanyi ke jawowa wanda ba ya fitowa a takardar bil, kuma shi ya fi damuna a kan gidanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi. Ɗakin da jariri ke kwana kuwa, shawarar da ake ba iyaye a nan ita ce tsakanin digiri 16 da 20, domin zafin da ya yi yawa ma haɗari ne ga jariri mai barci. Sayi ɗan ma'aunin zafin ɗaki ki ajiye kusa da gadonta, ya fi hasashe. Mu da muka taso a ƙasar zafi jikinmu ba ma'auni ba ne a shekarar farko, digiri 20 ma sanyi muke ji.

Sai danshi. Sanyin hunturun gida busasshe ne, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Na Ingila jiƙaƙƙe ne. Girki, wanka, shanyar kaya a cikin ɗaki, har numfashin mutum huɗu cikin dare, duk tururi ne ke shiga iskar gida. Iska mai ɗumi tana riƙe shi, amma da ta taɓa bango mai sanyi sai ta sauke shi ya zama ruwa. In kuka ɗumama falo kaɗai da hita kuka bar sauran gidan kamar firiji, tururin can zai tafi ya sauka, a bayan kabad, a kusurwar silin, a gefen taga. Bayan 'yan makonni sai baƙar fumfuna ta fito, takalma da jakunkuna su fara wari. Fumfunar nan tana tayar da asma da tari, yara ne kuma ta fi kamawa. A Rochdale, wadda ba ta da nisa da ku, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a Disamba 2020, kuma binciken kotu ya tabbatar da cewa daɗewa yana shaƙar fumfunar gidansu ce sanadi. Bayan lafiya, akwai bututun ruwa. In gida ya yi sanyin da ruwa ya daskare a cikinsu, fashewa suke yi, kuma yarjejeniyar haya da yawa ta ɗora wa ɗan haya alhakin barin ɗan ɗumi don hana hakan. Ko tafiya za ku yi, a bar boila a kan alamar ƙanƙara, kada a kashe ta ɗungurum.

Gida a lokacin sanyi kamar tulu ne mai yoyo, abin da kike biya shi ne cikon abin da ke zuba. Gidajen Bradford da yawa tsofaffi ne na dutse, jere a manne da juna, bangonsu ba ya riƙe zafi sosai. Bango ba naku ba ne balle ku gyara, amma ƙananan kafofin suna hannunku. Ki bi gefen tagogi da ƙofofi da bayan hannu a ranar da ake iska, inda kika ji sanyi na shigowa a liƙa masa soson roba mai gam da ake sayarwa don haka. Ƙarƙashin ƙofar waje a tare da tsohon bargo a naɗe. Labule mai kauri a sauke shi da magariba, a ɗage da safe in akwai rana, kuma kada ya rufe radiyeta, in ba haka ba tagar za ki ɗumama. Ƙasa in ba kafet a shimfiɗa darduma. Abu ɗaya ne ba a toshewa: kafar iska da magina suka bari da gangan, a bango ko a saman taga, musamman a kicin, banɗaki da inda boila take. Fankar banɗaki da ta kicin ma a riƙa kunna su lokacin wanka da girki.

Duk da haka ban ce kada ku mallaki hita ba. Guda ɗaya tana da amfani, ranar da boila ta lalace, ko lokacin yi wa jaririya wanka a ɗaki. Ga bambancinsu, tunda ba a cin wuta yake ba. Mai fanka tana ɗumama iska nan take, tana da ƙara, tana tayar da ƙura, da an kashe ɗaki ya huce. Ta minti goma ko ashirin ce. Mai jan haske, wadda ake kira halojin, ba iska take ɗumamawa ba, jikin wanda ke gabanta take gasawa kamar hantsi, don haka tana da daɗi ga mutum ɗaya a wuri mai iska. Amma ita ce na fi tsoro a gidan yara da gidan da ake sa doguwar riga, zani da hijabi, domin fuskarta tana yin zafin da zai kama yadi. Mai mai, wadda ta yi kama da radiyeta mai taya, man da ke cikinta a rufe yake, ba a ƙonawa ba a ƙarawa, riƙe zafi kawai yake yi. Tana jinkirin ɗaukar zafi, tana jinkirin hucewa, ba ta da ƙara, ba ta da waya mai ja a fili. Ita zan zaɓa muku. Jikinta ma yana ƙuna in yaro ya daɗe da hannu a kai, saboda haka ba a barin mai rarrafe da ita.

Ki tabbatar tana da abu uku: tamostat, abin kashe kanta in ta faɗi, da abin kashe kanta in ta yi zafi fiye da kima. Tamostat ɗin ne kaɗai abin da ke rage kuɗi da gaske, domin da ɗaki ya ɗumu za ta riƙa mutuwa tana tashi maimakon ci gaba da zuƙa. Wajen girma, ma'aunin da muke yi da ka shi ne kusan wat 100 ga kowace murabba'in mita, ɗaki mai mita 3 da 4 ke nan zai so wajen kilowat 1.2, ya ɗan fi haka in tsohon gida ne. Mai kilowat 1.5 ko 2 da ake iya ragewa ta wadatar. A saya sabuwa a kanti sananne, mai tambarin UKCA ko CE, alamar cewa ta cika ƙa'idar aminci. Ta hannu da ba a san tarihinta ba, ko ta wani shafin intanet marar adireshi, a bar ta. Araha ba ta ado.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi shafar sana'ata, wato aikin wutar lantarki. Wutar gidajen Ingila bolt 230 ce, fulogi kuma yana da fis a cikinsa wanda iyakarsa amfiya 13 (amfiya shi ne awon yawan wutar da ke bi ta waya), wato wajen kilowat 3. Hita mai kilowat 2 tana jan kusan amfiya 9, kuma ba na ɗan lokaci ba kamar butar shayi, awa da awanni take ja. Shi ya sa ake soka ta kai tsaye a soket ɗin bango, ita kaɗai. Ekstenshan mai baki huɗu duka bakunan amfiya 13 ɗin nan suke rabawa, in na kirki ne ma ke nan. A haɗa hita da butar lantarki mai kilowat 3 a kansa, an nemi sama da amfiya 21 daga abin da aka yi don 13. In an yi sa'a fis ya ƙone. In ekstenshan ɗin na banza ne, wayar ce za ta yi ta zafi a ɓoye a bayan kujera. Wanda ake naɗewa a kan gare-gare ya fi muni, domin waya a naɗe ba ta samun hucewa. Haka adaftar tafiya da aka zo da ita daga gida ko daga Saudiyya, ta cajin waya ce, ba ta hita ba. Bayan hita ta yi kamar rabin awa tana aiki, taɓa fulogin. Ɗan ɗumi ba komai, amma in ya yi zafin da ba ki iya riƙewa, ko kika ga launin ƙuna a bakin soket, ko kika ji warin roba ko wani wari kamar na kifi, ko kika ji ƙara tsit-tsit, kashe ki zare, ki sanar da mai gidan da kuke haya. Alamar waya ce ta saki a ciki. Wayar hita ba a bi da ita ƙarƙashin kafet, ba a kuma shiga da hita banɗaki ko kaɗan.

Tazarar mita ɗaya ta kowane gefe tsakaninta da labule, gado, kujera, sallaya da kwandon wanki. A ƙasa take zama, a daɓe mai faɗi, ba kan tebur ba. Ba a shanya a kanta, ko safar jariri ce, ko da kuwa ta minti biyu ce, domin minti biyun nan ne ake yin sallama a ƙofa ko yaro ya yi kuka a manta. Ba a fita a bar ta a kunne, ba a kuma barci a bar ta. Ranar 9 ga Janairu 2022, a unguwar Bronx ta birnin New York, gobara ta tashi a wani bene mai hawa 19 daga hitar lantarki da aka daɗe da barinta a kunne a ɗakin kwana. Mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Wutar kanta ba ta yi nisa ba, hayaƙi ne ya kashe su, domin ƙofar gidan da wutar ta tashi ba ta rufe kanta ba bayan mutanen ciki sun fita, hayaƙin ya bi matakala ya cika benen. Ƙofofin nan masu nauyi da ke rufe kansu, waɗanda mutanenmu ke tokarewa da takalmi don sun dame su, aikinsu ke nan. A bar su su rufe.

Da dare, maimakon ɗumama iskar ɗaki, a ɗumama jiki. Bargon lantarki yawanci wat 100 ne ko abin da ya yi kusa, peni 3 a awa ke nan idan aka kwatanta da peni 52 na hita. Ku manya ku kunna shi ya ɗumama shimfiɗa kafin ku kwanta. Robar ruwan zafi ma tana yi, amma ba a zuba mata tafasasshen ruwa, kuma ba a haɗa ta da bargon lantarki a gado ɗaya. Jaririya kuwa ba a sa mata ko ɗaya daga cikin biyun. Ita kayan barci masu dacewa, shimfiɗarta ita kaɗai, a rigingine, ba hula a cikin ɗaki, ba tulin barguna, gadonta kuma nesa da radiyeta da hita. Don sanin ko ta ji zafi ko sanyi, ƙirjinta ko bayan wuyanta ake taɓawa, ba hannu ko ƙafa ba, su dama sanyi gare su. Da rana kuma riga biyu ko uku marasa kauri a jere sun fi guda ɗaya mai kauri, a haɗa da safa.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, domin na san mu. Kada a hura gawayi a cikin gida don jin ɗumi, kada a kunna murhun gas ko a buɗe oben a bar shi yana ci. A gida ma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane lokacin hunturu, balle nan da tagogi ke rufuwa ruf da roba. Iskar da ke fita, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sama da sau 200. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mutum ya ɗauka mura ce ya kwanta. In mutanen gida suka kamu da irin wannan lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, a buɗe tagogi, a fita, a kira 999 in wani ya galabaita, lambar gaggawa ta gas kuma 0800 111 999 ce. Doka a Ingila ta wajabta wa mai ba da haya ya sa ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, kuma tun 1 ga Oktoba 2022 ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a duk ɗakin da ke da boila ko makamanciyarta. Dole ne kuma ma'aikaci mai rajistar Gas Safe ya duba kayan gas ɗin duk shekara a ba ku takardar. Ki danna maɓallin kowace ƙararrawa ki ji ta yi kuka. Sannan, Malama, batun turaren wuta: na shiga gidajen 'yan'uwa na tarar an cire batirin ƙararrawa ko an ɗaure ta da leda saboda tana ihu duk lokacin da aka sa turare. A nemi kaskon turare na lantarki, a sa kaɗan, a buɗe taga, a bar ƙararrawa da batirinta.

Wasu in sun ga hitocin nan da arha sukan yi sha'awar aika wa iyaye a Jos ko Kano don hunturu. Fulogi da ƙarfin wutar ɗaya ne da na Najeriya, za ta yi aiki. Sai dai tun Afrilu 2024 'yan rukunin Band A, waɗanda suka fi kowa samun awannin wuta, suna biyan sama da naira 200 a yunit, hita mai kilowat 2 za ta ci sama da naira 400 a awa. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba, batirin inbata kuma nan da nan za ta zuƙe shi, ga wayoyin gidaje da yawa sirara ne. Bargo mai kyau da rigunan sanyi sun fi amfani a can.

Komawa kanku: in boilar ba ta aiki yadda ya kamata, ko wata radiyeta ta ƙi zafi bayan an fitar mata da iska, gyaran ba naku ba ne. Dokar haya ta 1985, sashe na 11, ta ɗora wa mai gidan gyaran kayan ɗumama ɗaki da na ruwan zafi. Ku rubuta masa ta imel ko saƙon waya don ya zama akwai shaida, in ya yi biris ku kai wa sashen kula da gidaje na ƙaramar hukumarku. Kafin a gyara, ba laifi ku nemi ya kawo muku hita ta wucin gadi.

In kuma kuna son ganin lissafin nan da idonku, gwajin mai sauƙi ne. Mitar zamani tana zuwa da ɗan allo da ke nuna fam da penin da aka kashe a rana, wuta daban gas daban. In tsohuwar mita ce mai nuna kubik mita, ku rubuta lambar da safe, ku sake rubutawa washegari a daidai lokacin, bambancin ku ninka shi da 11.2 ya ba ku yunit, sannan ku ninka da farashin da ke takardarku. Ku yi kwana uku da boila a kan digiri 19 da radiyetoci a saite yadda na faɗa, ku haɗa kuɗin wuta da na gas. In da hitar aro, a yi wasu kwana uku masu sanyi iri ɗaya da ita a haɗa, amma ɗakin jaririya kada ya sauka ƙasa da 16 saboda gwaji. Ku kuma riƙa tura wa kamfanin lambar mita duk wata in ba mai aikawa da kanta ba ce, don kada su yi ta caja da ƙiyasi bashi ya taru muku zuwa Maris.